Yadda Ƙwayar Cutar Tumaki Ta Tona Asirin Zancena

Ba zan taɓa mantawa da wannan la'asar ba, ko da tsufa ya kwashe duk sauran abin da ke kaina. Yawancin mutane tsautsayi ne ke kai su inda za su sha kunya. Ni kuwa da ƙafata na bi gida-gida na gayyato jama'a, na aro tabarmin masallaci na shimfiɗa musu, har na sa aka dafa jabana, gahawar ƙasarmu, duk don su zauna daidai su kalli yadda zan tona wa kaina asiri.

Kafin yaƙin nan da ya ɓarke a ƙasarmu ne, lokacin da na gama ɗan karatuna na aikin dabbobi na koma ƙauyenmu da ke bakin Kogin Nilu, kusa da garin Suki. Ni ba likita ba ne, mataimaki ne kawai, amma da mutanen gari suka fara ce min Dakta ban taɓa wahalar da kaina wajen gyara musu ba. A wurin aiki an ba ni farar riga irin ta likitoci da dogon takalmin roba mai kaiwa gwiwa, kuma daga ranar da suka shigo hannuna ban sake yarda an gan ni babu su ba. Duk wanda ya san zafin ƙasarmu ya san abin da ƙafa ke ji a cikin roba da tsakar rana, amma ni na jure. (Inna, mahaifiyata, ta taɓa tambayata ko a jikina aka ɗinke su.)

To, akwai Amna. 'Yar Malam Idirisu ce, gidansu yana can ƙarshen gari a unguwar bakin kogi, mu kuwa muna kan tudu wajen babban kanal ɗin da ke shayar da gonaki. Tsofaffinmu sukan ba da labari cewa a can ƙasar Hausa saurayi yakan je zance a fili, a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida kowa na gani. Mu nan mun daɗe da kwasar ɗabi'ar maƙwabtanmu Larabawa, saurayi ba ya tsayawa a ƙofar gidan su yarinya sai manya sun yi magana. Ni kuma a lokacin ban kai in tura manya ba, kuma Malam Idirisu ba mutumin da ake gwada sa'a da shi ba ne. Dogo ne, mai ƙarancin magana, in ya kalle ka sai ka fara tuno laifuffukan da ka yi tun kana yaro.

Allah cikin ikonsa, Amna tana da tumaki. A garinmu akan ba yarinya tunkiya tun tana ƙarama, ta yi ta haihuwa, 'ya'yanta ma su haihu, in aure ya zo a sayar a yi mata kayan ɗaki. Nan take na zama mutumin da ya fi kowa damuwa da lafiyar tumakin Amna a duk faɗin Kogin Nilu. Sai in hau kekena in ratsa gari, in yi sallama in ce na zo duba tumaki. Malam Idirisu ya ce lafiyarsu lau. In ce duk da haka gara a duba. Ya kalle ni, ya kalli takalmin, ya ce in shiga. Amna ce ke riƙe min kan tunkiya, ni kuma ina buɗe bakin dabbar da ta fi ni lafiya ina leƙa haƙoranta, muna 'yar hirarmu ƙasa-ƙasa. Akwai wata farar tunkiya da na duba har ta gane ni, da ta hango farar riga sai ta buɗe baki da kanta. A raina kuwa na tabbata babu mahalukin da ya gano dabarata.

Ana nan sai ɓari ya faɗa wa tumakin gari. Tunkiya ta ɗauki ciki lafiya, ta yi nauyi, ana saura kaɗan ta haihu sai a wayi gari a ga ta zubar, ko ta haifi ɗan da ba ya iya ɗaga kai. A zaribar Inna, wato garken tumakinta, tun shekarar da ta gabata aka fara, kuma ni ne na yi ta fama da su, ina kwashe abin da ya zube ina share wuri. A wannan shekarar sai abin ya ci gari, ya kuma fi tsanani a kan tumakin Amna, kusan duk masu cikin sun zubar. Ranar da na same ta zaune a bakin zariba tana share hawaye da gefen mayafi, tausayinta ya kama ni ƙwarai, domin na san ba 'yan tumaki kawai ta rasa ba, gadonta da kujerunta da kwanukanta ne suka tafi. Na yi mata alkawari da babbar murya cewa sai na gano inda cutar ta fito.

Gari kuwa ya ɗauki zafi. Mutanen tudu suka ce daga bakin kogi abin ya hauro, na bakin kogi suka ce ruwan kanal ne da maganin feshin auduga. Wasu suka ɗora wa makiyayan da ke wucewa da rani. Har gaisuwa ta fara yin wuya tsakanin mutanen da kakanninsu suka taho tare daga yamma.

A cikin haka wata likitar dabbobi ta zo daga birnin Madani tana bincike kan cutar. Kowa Daktora yake ce mata, mace ce mai natsuwa, ba ta jin Hausa ko kaɗan, saboda haka aka haɗa ta da ni in raka ta, in kuma yi mata tafinta wurin tsofaffin da suka fi sakewa da harshen gida. Muka bi zariba-zariba muna ɗibar ruwan haihuwa da guntun mabiyiya muna sakawa a ƙanƙara. Ita ce ta fahimtar da ni abin da ban karanta da kyau a makaranta ba, wato ƙwayar cutar ɓari sunanta ɗaya, aikinta ɗaya, amma ba zuriya ɗaya ba ce. Su ma suna da dangi da asali, kuma in aka duba abin da kowace ta gada a ɗakin gwaji, za a gane wadda ta fito daga tsatson wata. Na ce mata ai kamar mu ne, a bakin mutanen ƙasar nan dukkanmu abu ɗaya ne, amma da mutum ya buɗe baki mun san Basakkwace ne ko Bakatsine. Ta ce misalin ya yi daidai, kaina kuwa ya ƙara girma a cikin hula.

Bayan wasu watanni, tumaki har sun sake ɗaukar ciki, ta dawo da sakamako. Ashe cutar da ke gidajen tudu zuriyarta daban, ta bakin kogi ma daban, kuma da alama kowace ta daɗe a inda take. Ma'ana, babu unguwar da ta kai wa wata. Sai dai akwai wata zuriya ta uku, baƙuwa, wadda ba ta yi kama da sauran ba, kuma a gida biyu kacal aka same ta: gidanmu da gidan Malam Idirisu.

Kun san abin da ya fara zuwa raina? Daɗi na ji. Na ce ikon Allah, har ƙwayoyin cuta sun san gidajen nan biyu sun dace da juna. (Ina roƙon mai karatu ya tuna cewa soyayya ce a kaina a lokacin, ga kuma zafin takalmi.) Ta gidanmu ba ta ba ni wahala ba, na tuna Inna ta taɓa sayo wata tunkiya a kasuwar Damazin, kuma daga ita ɓarin ya soma. Yadda cutar ta tsallake gari guda ta sauka a zaribar Amna, shi ne abin da ya ɗaure min kai. Na zargi mahaucin gari. Na zargi mai tallan dusa. Na fi zargin wani ƙaton rago na Kawu Sale, ƙanin Inna, wanda ba ya zama a turke, kullum yana yawon gari kamar mai karɓar haraji.

Daktora ta ba da shawarar mu je gidajen biyu mu yi tambaya a hankali, ba tare da an ji ba. Ni na hana. Na ce mata mutanenmu ba su yarda da abin da aka yi a ɓoye, gara a tara kowa. Gaskiyar magana kuwa, so nake Malam Idirisu ya zauna a gaban jama'a ya ga yadda zan zaƙulo wanda ya jawo wa 'yarsa asara, ya ce a ransa lallai wannan yaro ya isa a ba shi mata. Duk lissafina a kan wannan yake.

Ranar taro, bayan sallar la'asar, aka cika ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan mai gari. Maza a kan tabarmi, mata a bayan danga suna leƙe. Malam Idirisu yana sahun gaba da carbinsa. Daktora tana kan kujera a gefe. Ni kuwa ina tsakiya, na sha wankin farar riga har da shuni, na goge takalmi da tsumma yana ƙyalli.

Na ɗauki kara na zana garinmu a ƙasa, ga kogi, ga kanal, ga masallaci, ga gidaje. Na zo da dawa da wake da jan soɓorodo a aljihu. Na zuba dawa a gidajen tudu, wake a na bakin kogi, na yi bayanin zuriya da asali tiryan-tiryan, na ce kowace unguwa da tata cutar take kwana, kowa ya daina hararar ɗan'uwansa. Nan fa wuri ya ɗauki daɗi, ana gyaɗa kai, wasu tsofaffi biyu da suka yi watanni ba su gaisa ba har suka miƙa wa juna hannu. Mai gari ya sa min albarka. Da a nan na tsaya, da yau labarin wani iri ne.

Amma soɓorodo yana aljihuna. Na fito da shi a hankali yadda kowa zai gani, na ajiye ɗaya a kan gidanmu, na taka har ƙarshen zanen na ajiye ɗaya a kan gidan Malam Idirisu. Na yi gyaran murya na ce saura baƙuwa, kuma yau sai mun san wanda ya yi mata jagora.

Na fara tambaya ɗaya bayan ɗaya. Makiyayi ɗaya ke kora tumakin gidajen nan? Aka ce a'a, kowace unguwa da nata. Wuri ɗaya suke shan ruwa? Aka ce namu kanal, nasu kogi. Na juya wajen Malam Idirisu cikin ladabi na tambaye shi ko ya taɓa sayen tunkiya ko aron rago daga tudu, ya ce duk abin da ke zaribarsa a cikinta aka haife shi. Na waiwayi Kawu Sale na kawo zancen ragonsa, ya ce ragon tun Layyar bara waccan aka cinye shi, kuma ni ma na ci. Aka ɗan yi dariya, amma ban ji komai ba, ai mai bincike ba ya karaya.

Na lura wasu samari a baya sun fara taɓa juna da gwiwar hannu. Na ɗauka burge su nake yi, sai na ƙara ɗaga murya.

Na ce, “Jama'a, wagga ƙwaya ba ta da ƙahwa, ba ta da fiffike. Cikin ruwan haihuwa take da mabiyiya. Tana manne wa hannu, tana manne wa tuhwa, tana manne wa ƙasan takalmi. In ba dabba ta kai ta ba, to mutum ya kai ta.”

Wuri ya yi tsit. Na ji daɗin shirun nan ƙwarai, sai na ci gaba. Na ce kuma kada mai wannan aiki ya ce jiya ya fara, domin Daktora ta bayyana min cewa ƙwayar takan shiga jikin tunkiya ta kwanta shiru, sai a ciki na gaba ta nuna kanta. Tunda bana tumakin gidan Malam suka zubar, to tun haihuwar bara wannan mutum yake sintiri. Mutum ne mai shiga zaribar Inna, ya fito, ya ratsa gari tun daga tudu har bakin kogi, ya shiga zaribar Malam, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na tambayi jama'a wace irin buƙata ce ke kai mutum wannan doguwar tafiya a kai a kai.

Wani ya yi tari. Inna, da nake hango kanta ta saman danga, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ko wannan bai farkar da ni ba.

Na ce, “Ba mu nuhin kunyata kowa. Amma ko wane ne, ya ji tsoron Allah ya miƙe tsaye.”

Sai muryar kakata ta taso daga bayan danga. Tsohuwa ce da ba ta taɓa barin wasan jika ya wuce ta ba, kuma ba ta ɗaga murya ba, a natse ta faɗa.

“To ai ga shi nan tsaye, mai gidana. Duk wurin ga wa ka gani tsaye in ba kai ba?”

Na duba dama, na duba hagu. Kowa a zaune yake, har Daktora. Sannan na ga idanun mutane gaba ɗaya sun sauka ƙasa, na bi su da kallo, suka kai ni kan takalmina mai ƙyalli.

Ban san wanda ya fara ba, amma dariyar da aka yi ranar har tsuntsaye sai da suka tashi daga kan darbejiya. Kawu Sale ya kwanta a tabarma yana riƙe ciki, yana cewa a nema masa gafarar ragonsa. Mai gari ya sa rawani ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa. Ta bayan danga kuwa har da tafi. Ashe babu wanda bai sani ba. Mai shagon kan kwana ya sani, mata masu ɗibar ruwa sun sani, liman ya sani. Ni kaɗai ne a garin nake zaton tumaki nake dubawa.

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ba a gama da ni ba. Daktora, baiwar Allah, ba ta ji ko kalma ɗaya ba, sai ta taɓa hannun rigata ta tambaye ni da Larabci me tsohuwar ta ce. Duk wanda ke wurin yana jin Larabci, kowa zai iya gaya mata, amma babu wanda ya taimake ni, aka bar tafinta da aikinsa. Haka na tsaya na fassara kunyata da bakina, jimla bayan jimla, jama'a na gyara min inda na so in rage. Ta yi ƙoƙarin ceto na, ta ce gwajin yana nuna dangantaka ne kawai, ba ya kama hannun kowa. Sai kuma ta tambaye ni ko ina wanke takalmin da magani in na fito daga wata zariba kafin in shiga wata. Na ce ina gogewa. Ta ce sama ko ƙasa? Na ce sama, domin ƙasan takalmi ba ya cikin abin da Amna ke gani.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Malam Idirisu yana zaune yana jan carbinsa, kuma da ya ɗago kai sai wurin ya lafa. A raina na riga na yi bankwana da Amna, kuma abin da ya fi cin raina shi ne ba kunyar ba ce kaɗai, ni ne na sa ta kuka a bakin zariba, sannan na tsaya a kanta ina alkawarin kamo mai laifi.

Ya ce, “Tun bara?”

Na ce, “Tun bara, Baba.”

Ya gyaɗa kai. Sai ya ce tunda an tara mutane, Dakta ya ƙarasa aikinsa, ya faɗa musu yadda za a kare dabbobi. (Yadda ya furta Daktan nan, da ya zage ni ya fi min sauƙi.) Da muryar da ban san tawa ba ce na lissafa musu: a binne mabiyiya da ɗan da aka zubar a rami mai zurfi, a ware tunkiyar da ta yi ɓari, mace mai ciki kada ta kusanci wurin domin cutar tana taɓa mutane, sannan wanda ya yi aiki a wata zariba lokacin haihuwa kada ya shiga ta wani.

Ya ce, “Kwayyis, ya yi kyau. Mun ji, mun karɓa. Daga yau har tumakina su ƙare haihuwa, kada in ga ƙahwarka gidana, kai ka hwaɗa da bakinka.” Ya miƙe yana kakkaɓe riga, har ya juya, sai ya ƙara da cewa, “In sunka haihu lahiya, ɗiyan sunka girma anka yi kayan ɗaki, ka turo manyanka. Su ta zaure suke shigowa, ba ta zariba ba.”

Sai da na kai gida na fahimci cewa an ba ni mata ne kuma an kore ni a zama ɗaya.

Amna ba ta sauko da wuri ba. Saƙo ɗaya ta aiko min ta bakin kakata, wai sauran samari turare suke kai wa 'yanmata, ita kuwa ga tsarabar da ta samu. Kakata ta isar da saƙon a gaban baƙi, har sau biyu, don kada wani ya ce bai ji ba.

A wannan shekarar ba na jin akwai wanda ya yi wa tumaki addu'a kamar ni. Daktora ta ce min tunkiyar da ta yi ɓarin wannan cuta sau ɗaya galibi takan haihu lafiya a ciki na gaba, na riƙe maganar nan da hannu biyu. Duk wanda ya hauro daga bakin kogi sai na tare shi in tambayi labarin zaribar Malam, kuma kowa sai ya ja min rai kafin ya faɗa. Allah ya taimake ni suka haihu lafiya, har da masu tagwaye. Aka jira 'ya'yan suka yi ƙwari, aka kai su kasuwar Suki, manyana suka shiga ta zaure. Auren da na so a yi da wuri, ni da kaina na ƙara masa shekara.

Yanzu muna da 'ya'ya, kuma har yau in muka yi 'yar gardama Amna takan nuna gadon ɗakinta ta ce da ba don ni ba, da wanda ya fi wannan za a saya mata. Abin da na koya dai shi ne, in har za ka tara jama'a ka ce mai laifi ya miƙe tsaye, to ka fara neman wuri ka zauna tukuna.